Shawarwari ga baƙi a Amurka kan yarjejeniyar 287(g)

Tun 1996 sashe na 287(g) na dokar shige da ficen Amurka ya ba 'yan sandan yanki damar ƙulla yarjejeniya don taya hukumar shige da fice da kwastan ta ƙasar (ICE) kamun baƙi, amma daga Oktoban 2025 gwamnatin tarayya ta fara biyan albashin jami'an da suka shiga tsarin, har da tukuici. Wasu masu tattaunawa kan batun sun ce wannan kuɗin ne ya sa ƙananan hukumomi ke rububin sa hannu, musamman a Florida da Texas.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a duba shafin ICE a ga ko yankinka yana ciki, domin fitilar mota da ta mutu kawai na iya sa 'yan sanda su tsayar da mutum har ya kai hannun ICE. In an tsare ka, kana da 'yancin yin shiru. Kada ka sa hannu a kowace takarda sai lauya ya gani, kada kuma ka buɗe ƙofa in ba sammacin alƙali suka nuna ba.