Kawu na magana ba kai ba gindi: taɓin hankali ne ko mi?

Yaya Babba: Salamu alaikum. Na leƙa Kawu jiya bayan la'asar a Runjin Sambo. Hannu lau, ƙafa lau, shina tafiya da kanai. Amma magana sai zuba, ba kai ba gindi. Ka ce "Kawu miƙo hannu", sai ya kalle ka ya ci gaba da nashi zance. Ni dai na ce taɓin hankali ne, ko iska. A fara da ruƙiyya.

Gwaggo: Abin da nic ce ke nan tun shekaranjiya. Kada wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce: mai ita ai ba ya tafiya haka.

Auta: Gwaggo, Yaya, ku gafarce ni in sa baki. Jini na iya yankewa daga wani sashe na ƙwaƙwalwa ba tare da ya taɓa hannu ko ƙafa ba. A 1874 wani likita Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana marasa lafiya irin Kawu sak: harshe na gudu, fahimta ta tafi. Raunin na gefen hagu, sama da kunne ta baya. Kafin shi, a 1861, Paul Broca a Faransa ya ga akasin haka: mutum na gane abin da anka ce mai, amma "tan" kaɗai ke fita bakinai. Kuma Kawu na da hawan jini, kuma dare ɗaya abin ya zo.

Yaya Babba: To in kunnenai na ji, mi zai hana shi ganewa? Ji ai ji ne.

Auta: A'a Yaya. Kunne sauti kawai yake kaiwa. Ƙwaƙwalwa ce ke yanka sautin kalma-kalma, ta haɗa kowace da abin da take nufi. Kamar kai ne ka zauna cikin masu Zabarmanci a Tsohuwar Kasuwa: kana jin komi, ba ka kama komi ba.

Malam: Auta, na yarda da rabin zancenki. Amma cewa ma'ana ɗaki guda gare ta a gefen hagu, wanga tsohon karatu ne. A 2016 masu bincike a jami'ar Berkeley ta Amurka sun sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna sauraren labarai, sunka ga ma'anar kalmomi a warwatse ɓangarorin biyu, hagu da dama.

Auta: Gaskiya ne Malam, ban ce ɗaki guda ba. Amma lafiyayyu sunka gwada. Majinyata kuwa sun nuna in mahaɗar nan ta hagu, sama da kunne, ta lalace, sauran wuraren ba su iya riƙe aikin nan take.

Malam: Wannan kam haka ne. Kuma saurin aikin gane kalma na da ban tsoro. Wasu masu bincike, Kutas da Hillyard, sun nuna a 1980 cewa kalmar da ba ta dace da jimla ba, misali "na sha shayi da takalmi", tana sa ƙwaƙwalwa zabura cikin ƙasa da rabin daƙiƙa.

Gwaggo: Ku dai da bokonku. Addu'a fa?

Auta: Ba wanda ya hana addu'a, Gwaggo, a yi ta a mota. Amma a kai shi asibitin koyarwa na Danfodiyo yau, a ɗauki hoton kai. An riga an yi jinkiri.

Yaya Babba: Ni har yanzu ban gamsu ba. Amma motata na gida, wa zai riƙa min shi?