Tambaya a kan Emília das Neves, 'yar wasan dandamali ta ƙasar Fotugal

Rabi'atu, Farin Gada: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai karanta wasan kwaikwayo a Jami'ar Jos, kuma an ba mu aikin rubutu a kan matan da suka yi fice a dandamalin Turai a ƙarni na 19. Malaminmu ya ambaci Emília das Neves, amma littattafan da ke hannunmu duk a Ingila da Faransa suka tsaya. Wace ce ita, kuma me ya ɗaukaka ta?

Malam Sabo, Unguwar Rogo: Wa alaikumus salam, ƙanwata. An haife ta a Lisbon a 1820, a gidan da ba na masu hali ba, ta rasu a can a 1883. Ta fara hawa dandamali a 1838 a gidan wasa na Rua dos Condes, a cikin wasan Um Auto de Gil Vicente na marubuci Almeida Garrett, inda ta fito a matsayin gimbiya Beatriz, bayan horon da ta samu a hannun wani Bafaranshe mai suna Émile Doux. Ta zo a kan gaɓa, domin a 1836 gwamnati ta ɗora wa Garrett nauyin farfaɗo da wasan kwaikwayo a ƙasar, ya kafa makarantar koyar da shi, sannan a 1846 aka buɗe babban gidan wasa na ƙasa mai sunan Sarauniya Maria ta Biyu, inda ita ma Emília ta yi aiki.

Hajiya Binta, Rikkos: Malam Sabo, bayaninka ya gamsar, sai dai ka ba Garrett kaso mafi tsoka. A ƙarshen ƙarni na 18, zamanin Sarauniya Maria ta Ɗaya, an hana mata hawa dandamali a Fotugal, maza ne ke fitowa a matsayinsu, kamar yadda yaro ke ɗaura zane da ɗankwali a wasan makarantar kwana ta maza. Ko da aka ɗage dokar, kallon raini ga 'yar wasa bai gushe nan take ba. Saboda haka yarinyar da ta shiga sana'ar tana da shekara 18, ta yi shekaru gommai tana jan ragamar wasannin ban tausayi, har sunanta ya kai ta wasa a Barazil, ba alfarmar marubuci kaɗai ta ci ba.

Malam Sabo: Haka ne, Hajiya. Rabi'atu, ki lura cewa ta rasu kafin zuwan sinima, don haka shaidarki ita ce jaridun zamanin da rubuce-rubucen waɗanda suka kalle ta. Sun yawaita yabon kyawunta, har ana yi mata laƙabi da kyakkyawa Emília, to sai ki tsamo daga ciki abin da suka faɗa a kan muryarta da yadda take furta baiti.