Karsana tana zagaye gefe ɗaya, ko tsila ce a ƙwaƙwalwa?

Mai_Garke: Assalamu alaikum. Karsana ce 'yar shekara ɗaya da rabi, kullum tana zagaye ta gefen dama, kai a karkace, wani lokaci ta kafa goshi a jikin bango. Tana kiwo, ba zazzaɓi. An yi mata maganin tsutsa na ivermectin, shiru. Masana a taimaka.

Likitan_Dabbobi: Wa alaikumus salam, Malam. In abin a hankali ya zo, cikin makonni, zargi na farko jakar ruwa ce a ƙwaƙwalwa, wadda ake kira Coenurus cerebralis, wato jakar 'ya'yan tsila. Uwar tsilar a hanjin kare take. Kare ya yi kashi a makiyaya ko bakin mashaya, dabba ta haɗiyi ƙwan, ɗan tsutsar ya bi jini ya sauka a ƙwaƙwalwa. Bayan wata 6 zuwa 8 jakar kan kai girman ƙwan kaza, ta danne naman ƙwaƙwalwa. Galibi dabbar tana juyawa ne gefen da jakar take, idon ɗaya gefen kuma ya daina gani. Tumaki da awaki ta fi addaba, a shanu ba ta da yawa, kuma ƙanana ta fi samu.

Ivermectin ba ruwansa da tsila, asarar kuɗi ce kawai. Ana fiɗa a zuƙe jakar, amma sai ƙwararre, kuma in ta yi zurfi ba a cika dacewa ba. Shawara a yanka tun ba ta rame ba.

Hajiya_Likita: A dakata da yanka sai likita ya duba. Idan ana ganin kaska mai zane a jikinta, ga zafin jiki ya haura digiri 40, tana faɗuwa tana shure-shure, wannan ciwon kaska ne, maganin oxytetracycline yana aiki in an yi da wuri. Idan kuwa tana dalalar da yawu tana yawan kuka, a ji tsoron haukan kare, kada kowa ya sa hannu a bakinta.

Mai_Duba_Nama: Matsalar daga kwata take tasowa. Ana fasa kai, a ga jakar, a jefa wa kare. Fararen ɗigo da ke manne a cikinta kawunan tsila ne, kowane ɗaya zai zama uwa a cikin karen. Haka ma jakunkunan ruwa na huhu da hanta, waɗannan wata tsilar ce daban, kuma ƙwanta daga kashin kare yana kama mutum. A ƙone su, ko a binne da zurfi yadda kare ba zai tono ba.

Karnukan garke a ba su maganin tsila na praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo, duk mako 6, domin kusan tsawon lokacin da tsilar ke ɗauka ke nan kafin ta fara zubar da ƙwai. A ɗaure karen kwana 2 bayan maganin, a kwashe kashin a ƙone.