Sabon oga ya sa ni a gaba, in ajiye aikin ko in daure?

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Ina aikin sito a wani kamfanin rarraba kaya a Ikeja, daga Agege nake zuwa. Kawuna ne ya samo min aikin wajen tsohon manaja, mutumin kirki, har bikin ƙanwata ya ba da gudummawa. Wanda aka kawo yanzu kuwa, gaban direbobi da 'yan dako yake ce min ba ni da kai. Kwali ya fashe wajen lodi, ya zabtare min dubu goma a albashi, alhali ba ni na loda ba. Ranar Juma'a in na dawo masallaci sai ya ɗaga agogo yana nuna min. Masu kai masa gulma su ne 'yan gaban goshi. Barci ma ya gagare ni.

Dattijon Idi-Araba: Ɗana, an ba ka takardar ɗaukar aiki? Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci cikin wata 3. Kuma oga ba ya yanka wa mutum tara a albashi haka da ka. Tara shaidarka, Kotun Ma'aikata tana nan Ikoyi.

Mai tambaya: Baba, ba takarda. Da baki aka yi, don girman kawu.

Ɗan Mile 12: Kotu? Da wane kuɗin lauya? Ni gadi na yi a Lekki, wata uku ba albashi, da na yi magana matar gidan ta ce rediyona ya dame ta. Malam, yi shiru ka nemi wani aikin a ɓoye.

Maman Biyu: Ƙanena, bar musu aikin. Hawan jini ya fi rashin aiki tsada. Maigidana haka ya yi ta daurewa, yanzu kullum magani.

Dattijon Idi-Araba: Ya bari ya ci me? Shirun nan ne ya sa ake raina mu. Tun 2014 doka ta ce a cire maka kashi 8 na fansho, kamfani ya zuba 10. Ka taɓa ganin alat ɗin?

Mai tambaya: Ban duba ba. Ku gane mana, in na ta da rigima kawu zan kunyata, ga kuɗin haya ya kusa. Kuma ba kullum yake zagin ba.

Ɗan Mile 12: To shawarar me kake nema kenan?

Dattijon Idi-Araba: Tsaya tukuna, shi kawun ya san da maganar dubu goman?