Me za mu faɗa wa likita in minti biyar kawai muka samu?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ranar Talata za mu mayar da Hajiyarmu asibiti, tana da hawan jini da ciwon suga. Layi ne mai tsawo, in an shiga kuma kafin mutum ya gyara zama an fara rubuta magani. Me za mu shirya, kuma da me za mu fara?

Nas Mai Dare:
Wa'alaikumussalam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kada ku kai wa likita sunan cuta, ku kai masa abin da jikin ke yi. In ta ce "sanyi ke damuna", bai san ko ciwon gaɓoɓi take nufi ba, ko mura, ko fitar ruwa ta gaba. Haka "basir": wani taurin bayan gida yake nufi, wani jini, wani tsiro. Sai ta nuna wurin da yatsa, ta faɗi yaushe ya fara, kullum ne ko yana zuwa yana tafiya, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi. "Kwana goma ke nan in na miƙe daga sujada sai jiri ya ɗebe ni" ya fi "ba na jin daɗi" amfani nesa ba kusa ba.

Ku fara da abin da ya fi tayar muku da hankali, kada ku bari sai kun miƙe za ku fita. In kuna da na'urar awon jini a gida, ku auna safe da yamma daga yau, bayan ta zauna minti 5, ba goro ba kofi rabin awa kafin awon. Ku rubuta kamar haka: 150/90, da rana da lokaci. In akwai gwajin suga na safe, ta yi awa 8 ba ta ci komai ba, ruwa dai ba laifi.

Malam Famasi:
Ƙari a kan na Nas: ku zuba magungunanta duka a leda da kwalayensu, har na kyamis da jiƙon da ake ɓoyewa. "Ƙwaya fara ƙarama" ba suna ba ne. Ga dalili. Diclofenac da ibuprofen da tsofaffi ke sha don gwiwa suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda. In likita bai sani ba sai ya ƙara maganin hawan jini a banza. A cikin magungunan hawan jini, lisinopril kan sa busasshen tari, amlodipine kan kumbura ƙafa; metformin na ciwon suga kuma kan ɓata ciki in ba a haɗa shi da abinci ba. Da yawa kan daina sha shiru saboda waɗannan, su ce wa likita suna sha. Ku faɗi gaskiya, akwai wani maganin da za a iya canza mata. In tana azumin Litinin da Alhamis ma ku ambata, don maganin suga irin glibenclamide na iya faɗar da suga ƙasa warwas.

A takardar magani, od sau ɗaya ne a rana, bd sau biyu, tds sau uku, nocte da dare.

Yaya Babba:
Ƙanwata, mutum ɗaya ya shiga da ita, wanda ba ta jin nauyinsa, ban da suruki. Ku bar ta ta yi magana da bakinta, ku cike abin da ta manta. Kafin ku tashi ki maimaita wa likita abin da kika fahimta, ki tambaye shi wace alama ce in kun gani ba sai kun jira ranar dawowa ba.

Uwar Biyu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Wallahi diclofenac ɗin nan kullum sai ta sha. Yau zan fara rubuta awon.