Abin da aka tattauna kan Felipe Alou, daga fili zuwa horarwa

1. Kowa ya amince cewa Alou, ɗan Jamhuriyar Dominika, ya yi fice a wasan besbol (wasan bugun ƙwallo da sanda) bayan ya fara buga wa ƙungiyar San Francisco Giants ta Amurka a 1958, kuma an ambaci ranar da shi da ƙannensa biyu, Matty da Jesús, suka tsare bayan fili (ɓangaren da ke nesa da mai bugu, wanda 'yan wasa uku ke tsarewa) tare a 1963.

2. Mafi yawa sun shawarci masu sha'awar horarwa su yi koyi da haƙurinsa, domin ya daɗe yana horar da ƙananan ƙungiyoyi kafin ƙungiyar Montreal Expos ta ba shi ragamar horar da ita a 1992, inda ya zama ɗan Dominika na farko da ya riƙe muƙamin babban koci a babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada.

3. Ra'ayi ya rabu kan shekarar 1994, lokacin da ƙungiyarsa ta ci wasa 74 ta faɗi 40, sannan yajin aikin 'yan wasa ya katse kakar. Wasu sun ce kofin ne ya suɓuce masa, wasu kuma, waɗanda nake ganin sun fi hujja, sun ce kada a auna koci da wasan da ba a buga ba.

4. An yi saɓani kan horar da ɗansa Moisés. Wasu na tsoron zargin son kai, amma akasari sun ce ƙwazon yaron ya wanke uban.