Lokacin tara a ajin raino na ƙauye: me yaranku ke ci, yaya suke wasa?

Malamar raino, Giwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ina riƙe da ajin raino da ke haɗe da firamaren ƙauyenmu, yara 'yan shekara uku zuwa biyar. Ba abin da ke ci mini rai kamar lokacin tara. Yaro ya kwance ledarsa, biskit ɗaya ne da lemon leda mai kala. Na gefensa bai zo da komai ba, sai dai ya bi hannun ɗan uwansa da ido har baki. Kafin sha ɗaya rabin ajin sun kwanta a tabarma suna gyangyaɗi. Kuma iyayen nan manoma ne, masara da waken suya da gyaɗa na nan a rumbu. Don Allah ku gaya mini yadda kuke yi a wajenku.

Uwar 'yan biyu, Soba:
Malama, wallahi ina cikin masu laifin. Kuɗin tara nake damƙa musu saboda sammakon gona. Ranar da aka ce mini Hassana ta yi kasala a aji na ji kunya ƙwarai. Yanzu duk mako nakan soya gero da waken suya da gyaɗa sama-sama, kowanne daban, in fece ɓawon waken, in kai inji a niƙa tare. Garin da ake kira Tom Brown ke nan. Da asuba in dama kunu mai kauri, su sha kafin su fita, in zuba saura a gora. Ran da na yi awara in sa musu uku-uku. Waken da muke sayarwa da arha a kaka ashe shi ne naman yaranmu.

Ma'aikaciyar lafiya, Ikara:
Allah ya yi miki albarka, Maman biyu. Mu a nan Yuli da Agusta ne muke ganin tamowa sosai, rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai shigo ba, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa. Malama, ki nemi zaren awon damtse, mai launukan nan da ake gane tamowa da shi, a ƙaramin asibitinku. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, in awo ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu sun kumbura, a kai shi asibiti a ranar. Kar a bari bitamin A na duk wata shida da maganin tsutsar ciki su wuce su. Sannan a ajiye buta da sabulu a ƙofar aji.
Batun gyangyaɗi kuwa ba yunwa kaɗai ba ce. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar minti 180 na motsa jiki a rana, 60 daga ciki wasan da zai sa shi haki, kuma kar a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda.

Hedimasta, Lere:
Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Da na ce a riƙa fitar da ƙananan nan fili sau biyu kafin a tashi, wani uba ya same ni har gida, wai boko ya kawo ɗansa, ba guje-guje ba. Na roƙe shi ya zo ya gani da idonsa. Ba mu da lilo, ba mu da shinge, hanyar babura kuma na gefenmu, saboda haka ƙarƙashin mangwaron bayan aji muke yi. Tsofaffin tayoyi daga wurin mai faci, igiyar tsalle, layukan 'yar gala-gala da malama ta zana da gawayi. Suna tsalle suna ƙirga ɗaya zuwa goma da baki. Ɗansa da ba ya magana a aji shi ya fi kowa ɗaga murya. Mutumin ya tsaya shiru, washegari ya aiko mana da tayoyi biyu.

Malamar raino, Giwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Juma'a zan tara iyaye mata in nemi kowacce ta kawo gwangwani ɗaya na waken suya ko gero, mu gwada kunun haɗin gwiwa ko da sau biyu a mako. Maman biyu, gwangwani nawa na gero kike sa wa ɗaya na wake? Kuma garin yakan yi kwana nawa bai canza ƙamshi ba?